Daga Shirun Rolls-Royce Zuwa Rurin Ferrari: Tarihin Salansa da Muryar Motar Alfarma

Kalmar salansa aro ce daga Turancin Ingila, kuma asalin ma'anarta shi ne abin da ke sa a yi shiru. Wanda ya taɓa kwana a gidan da ke bakin babban titi a Abuja ko Kano zai iya cewa sunan ya fara rabuwa da aikin. Da tsakar dare mota za ta wuce ta bar gilasan taga suna karkarwa, kuma sau da yawa idan aka leƙa sai a tarar ba akwalar da tukunyarta ta ɓule ba ce. Mota ce ta miliyoyin naira wadda mai ita ya ƙara kuɗi aka kwance salansar da ta zo da ita daga kamfani, aka ɗaura wadda ta fi tsada kuma ta fi tashin murya. Mai ƙaramin ƙarfi yana kai motarsa wurin mai walda a toshe masa ƙara, shi kuwa mai hali yana biya a buɗe masa ita.

Shekaru ɗari da suka wuce al'amarin a juye yake. A wancan zamani motar da ta fi kowace tsada ita ce wadda ba a jin zuwanta, ƙara kuwa alama ce ta arha da rashin ƙwarewar maƙeri. Yadda aka tashi daga can aka iso nan labari ne na mutum uku da ke jan igiya ɗaya: injiniyan da ya ƙera motar, mai motar da ke son a ji shi, da maƙwabcin da ba a nemi shawararsa ba. Kowace salansa da ke ƙarƙashin motar alfarma a yau sakamakon wannan ja-in-ja ce.

## Inda muryar take fitowa

Tarihin ba zai fahimtu ba sai an san abin da ke faruwa a cikin bututun. Injin fetur na mota yana aiki da bugu huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A matakin ƙarshen nan ne bawul ke buɗewa, iska mai zafi da ke cikin matsi ta fito da ƙarfi kamar an fasa balan-balan. Kowace silinda tana yin haka sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. Ke nan inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana sakin bugu 100 a daƙiƙa, mai silinda takwas yana sakin 200, mai silinda goma sha biyu da aka taka har juyi 6,000 kuwa yana sakin 600. Kunne ba ya iya rarrabe bugun da ya kai wannan sauri, sai ya ji su a matsayin amo guda. Yawan bugun shi ke sa amon ya yi kauri ko ya yi siriri, shi ya sa wani inji ke gurnani wani kuma ke kuka kamar algaita.

Bayan yawa akwai tazara. Idan bugun na shiga bututu a jere, tazararsu ɗaya, amon zai fito sumul. Idan biyu suka matsu kusa da juna sannan aka sami giɓi, sai a ji wannan rugugi mai ɗingishi da aka san motocin Amurka masu silinda takwas da shi.

Tukunyar salansa tana rage ƙara ta hanya biyu. Wata an raba cikinta ɗaki-ɗaki, sautin ya riƙa karo da bango yana dawowa har igiyoyinsa su kashe juna. Wata kuma bututu ne miƙaƙƙe mai ƙananan huji da aka naɗe da audugar gilashi, wadda ke shanye siririn sauti ta bar mai kauri ya wuce. Aikin salansa tacewa ne kawai, murya kuwa a cikin inji ake haihuwarta. Mai silinda huɗu ba zai taɓa yin kukan mai goma sha biyu ba ko da an ɗaura masa bututun zinariya.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar na mudu. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, ƙarin 10 kuma shi ne abin da kunne ke ji kamar ƙarar ta ninka. Mai karatu ya riƙe wannan, domin alƙaluman da za su zo a gaba ƙanana ne a ido, manya a kunne.

## Zamanin da shiru ya zama sarauta

Motocin farko sun shigo titunan da doki ke mulki, kuma ƙararsu tana firgita dawaki. A 1897 Milton Reeves da ɗan'uwansa Marshall, 'yan jihar Indiana ta Amurka, suka sami takardar mallakar fasaha ta tukunyar rage ƙarar inji. Hiram Percy Maxim, ɗan mutumin da ya ƙera bindigar Maxim mai sarrafa kanta, ya sami tasa takardar a 1909 kan na'urar kashe ƙarar bindiga, daga baya kamfaninsa ya karkata ga yi wa injuna salansa.

A 1907 manajan Rolls-Royce, Claude Johnson, ya sa aka yi wa ɗaya daga motocin kamfanin fenti ruwan azurfa, ya raɗa mata Silver Ghost, wato fatalwar azurfa, saboda yadda take tafiya ba a jin ta. Injinta mai silinda shida ne, girmansa lita 7. An gwada ta a tafiyar mil 15,000 a ƙarƙashin sa idon ƙungiyar masu motoci ta Birtaniya, ta fito da suna. Daga nan kamfanin ya ɗaure wa sunayen fatalwa gindi: Phantom, Wraith, Ghost. A 1908 kamfanin Daimler na Ingila, wanda gidan sarautar Birtaniya ke hawan motocinsa, ya rungumi injin Ba'amurke Charles Knight, wanda ya kawar da bawul masu ƙwanƙwasa ya maye gurbinsu da hannun riga na ƙarfe mai sulɓi. Injin yana shan baƙin mai yana hayaƙi, amma attajirai suka yafe masa saboda shirunsa. Har a 1958, tallar da David Ogilvy ya rubuta wa Rolls-Royce ta gina kanta ne a kan cewa idan motar na gudun mil 60 a awa, abin da ya fi ƙara a cikinta shi ne agogonta na lantarki.

Wani abin mamaki ya faru a 1923. Injiniyoyin Cadillac suna neman rage girgizar injinsu mai silinda takwas, sai suka sauya fasalin sandar da fistoci ke juyawa, suka karkasa gwiwoyinta kusurwa huɗu maimakon su kwanta a shafi ɗaya. Girgiza ta ragu ƙwarai. Amma sabon tsarin ya sa kowane ɓangaren inji yana sakin bugunsa da tazara marar daidaito. Rugugin da samarin Amurka za su haukace a kansa bayan shekaru talatin ya samo asali ne daga neman laushi.

Ko a wancan zamani akwai masu son ƙara. Motoci da dama suna da wata ƙofa a jikin bututu wadda direba zai buɗe idan ya fita bayan gari, hayaƙi ya fice bai bi ta tukunya ba, kuma birane da yawa sun hana buɗe ta a cikin gari. A Brooklands, filin tseren da aka buɗe a Surrey ta Ingila a 1907, Selwyn Edge ya kwana ya yini yana zagaye a mota Napier har awa 24, maƙwabta suka kasa barci. Ƙorafinsu da ƙararrakin da suka kai kotu suka sa aka hana tseren dare, har gasar awa 24 ta koma rabi yau rabi gobe, ana kulle motoci da daddare. A shekarun 1920 aka wajabta wa masu tsere wata tukunya ta musamman mai baki kamar wutsiyar kifi. Sai samari suka fara ɗaura irinta a baburansu da motocinsu na titi domin a ɗauka su ma 'yan tsere ne. Abin da aka ƙirƙira don a sa su shiru ya zama adonsu.

## Italiya ta sauya ma'anar alfarma

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wata irin motar tsada ta bayyana, wadda mai ita ke tuƙa da kansa maimakon ya zauna a baya direba na ja. A 1947 Enzo Ferrari ya fitar da motarsa ta farko, 125 S, da injin da Gioacchino Colombo ya zana. Silindarsa goma sha biyu ce, amma girmansa duka lita ɗaya da rabi ne, wato kowace silinda ba ta wuce injin ƙaramin babur ba. Ƙananan fistoci marasa nauyi suna iya juyi da sauri, bugunsu ya yawaita ya kuma daidaita, sai aka sami amo siriri mai tashi. Ferrari ya ƙera injin ne don cin tsere, sautin ya biyo baya a matsayin gyara. Amma masu saye suka ɗaura sautin da nasara, har ya zama rabin abin da suke biya. Da kamfanin ya fara yin masu silinda takwas, sai ya riƙe sandar inji mai shafi ɗaya, irin wadda Cadillac ta bari, shi ya sa Ferrari mai silinda takwas ke kururuwa yayin da takwararta ta Amurka ke gurnani.

Wanda ya mai da sauti haja mai zaman kanta shi ne Carlo Abarth, haifaffen Vienna wanda ya kafa kamfaninsa a Italiya a 1949, mai tambarin kunama. Tsere yana cin kuɗi, don haka ya nemi abin sayarwa. Ya fito da salansa mai bututu miƙaƙƙe da audugar gilashi, baƙa wuluk, bakinta na ƙyalli, wadda za a iya ɗaurawa a ƙaramar Fiat ta ma'aikacin ofis. A 1962 kaɗai kamfanin ya ƙera fiye da 250,000. Abarth ya gano cewa wanda ba zai iya sayen motar tsere ba zai iya sayen muryarta, ko aƙalla wani abu mai kama da ita. A Amurka ma matasan da ke gyara tsofaffin motoci suna tsere a kan busassun tafkunan California sun rungumi irin wannan tukunya.

Silima ta ƙara wa abin armashi, ta kuma fara koya wa duniya cewa ana iya raba murya da mai ita. A 1976 Bafaranshe Claude Lelouch ya ɗauki wani gajeren fim na kimanin minti takwas, mota tana keta titunan Paris da asuba tana tsallake jar danja. Masu kallo sun shekara da shekaru suna jin rurin Ferrari suna sha'awa. Daga baya Lelouch ya bayyana cewa kyamarar tana ɗaure ne a gaban Mercedes 450SEL 6.9, ƙatuwar mota mai laushi, sautin Ferrari 275 GTB kuma ɗora shi aka yi bayan an gama ɗauka.

## Doka ta shiga cikin bututu

A 1970 ƙasashen kasuwar Turai suka kafa iyakar ƙarar ƙananan motoci a desibel 82. Ana gwajin ne da makirufo a nisan mita 7.5 daga tsakiyar hanyar da motar za ta bi. An yi ta rage iyakar har ta kai 74 a tsakiyar shekarun 1990. Dokar Tarayyar Turai ta 2014, wadda ta sauya hanyar gwajin, ta tsara saukowa mataki-mataki zuwa 68 ga motocin yau da kullum, tare da ɗan sassauci ga masu ƙarfin inji sosai.

A shekarar 1970 ɗin dai Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, kuma daga motocin 1975 aka fara saka matatar hayaƙi a cikin bututu. Wani dunƙulen yumɓu ne mai dubban ƙananan ramuka da aka shafe da ƙarafa masu daraja, platinum da palladium, daga baya har da rhodium, waɗanda ke juya iskar guba ta koma mai sauƙin illa. Ita ce makanikai a Nijeriya ke kira indomi saboda kamanninta. Turai ta wajabta ta a farkon shekarun 1990. Matatar tana tace guba, tana kuma dakushe sauti. Sai turbo ya biyo baya, farfela ce da hayaƙi ke juyawa don a cusa wa inji ƙarin iska, kuma tana niƙa bugun kafin su isa bututu. Daga wajen 2018 aka ƙara wa yawancin sababbin motocin fetur na Turai matatar ƙurar hayaƙi. Hatta gasar Formula 1 ba ta tsira ba: da ta koma ƙananan injuna masu turbo a 2014, 'yan kallo suka koka cewa motocin sun yi sanyi, har Mercedes ta gwada bututu mai baki kamar kakaki a Barcelona, bai yi wani tasiri ba.

Kowane mataki na dakushewa ya buɗe kasuwa. Tubi Style ta tashi a Maranello, garin Ferrari, a 1987. Igor Akrapovič, tsohon ɗan tseren babur a Slovenia, ya kafa nasa kamfani a farkon shekarun 1990, ya shahara da aikin titanium, ƙarfen da ya fi baƙin ƙarfe sauƙin nauyi kuma siririn bangonsa ke ba da amo mai kaifi. Gyaran da ya fi yawa shi ne sauya bututu daga bayan matata zuwa wutsiya, wanda ke canza sauti ba tare da taɓa tsaftar hayaƙi ba. Ga masu silinda takwas akan haɗa bututun hagu da na dama a tsakiya. Idan mahaɗar ta yi siffar H rugugi ya fi zurfi, idan ta yi siffar X amo ya fi santsi da tashi.

Ƙwararrun wannan sana'a sun san abin da mai gaggawa ba ya sani. Bututun da ya cika faɗi yana rage saurin hayaƙi, inji ya rasa ƙarfin tashi a ƙaramin juyi. Cire ƙaramar tukunyar tsakiya kuma yakan haifar da wani ƙugi mai kauri da ke cika cikin mota daidai lokacin da ake tafiyar babbar hanya, a wajen juyi 2,000, wanda ke sa ciwon kai kafin a kai Zariya daga Kaduna. Ƙara ƙarfin sauti aiki ne na awa ɗaya da injin walda. Gyara amonsa kuwa yana cin watanni na awo da saurare.

## Bawul, lasifika da amon da aka shirya

Kamfanoni sun sami kansu tsakanin mai gwaji da ke son shiru da mai saye da ke son ruri. Mafitarsu ita ce tsohuwar ƙofar nan ta zamanin doki, amma a hannun kwamfuta. Ferrari F355 ta 1994 tana da bawul a cikin salansa wanda ke rufe a ƙaramin gudu, ya buɗe idan an taka totur sosai. Ba da jimawa ba abin ya zama ruwan dare a motocin tsada, aka ƙara maɓalli a gaban direba. Masu Aston Martin suka gano cewa zare fiyus guda yana barin bawul ɗin a buɗe kullum. Tartsatsin da ake ji kamar harbi idan direba ya ɗaga ƙafa, wanda a da alama ce ta inji marar saiti, shi ma aka mai da shi abin sayarwa: kwamfuta ke jinkirta wutar fulogi da gangan domin ragowar mai ya ƙone a cikin bututu.

Japan ta nuna ƙarshen iyawa ta kowane ɓangare. Lexus ta shigo kasuwa a 1989 da LS400, wadda shirunta ya girgiza kamfanonin Jamus. Bayan shekaru ashirin kamfanin ɗaya ya fitar da LFA, guda 500 kacal tsakanin 2010 da 2012, mai silinda goma da ke kaiwa juyi 9,000, wato bugu 750 a daƙiƙa. An ƙera injin tare da Yamaha, kuma masanan sauti na ɓangaren kayan kiɗan Yamaha suka taimaka wajen daidaita akwatin shigar iska kamar yadda ake daidaita jikin abin kiɗa. An daidaita tsawon bututun kowace silinda, aka buɗe hanyoyin da ke kai sautin ga kunnen direba. Har yau masana motoci suna sanya ta a sahun gaba wajen daɗin murya, kuma yawancin wannan daɗi an tsara shi ne don wanda ke ciki.

Wasu suka bi gajeriyar hanya. BMW M5 ta 2011 tana fitar da sautin inji ta lasifikokin rediyon motar, daidai da juyin inji da nauyin ƙafar direba. Volkswagen ta liƙa wata na'ura mai girgiza a ƙasan gilashin gaba na Golf GTI. Masu sha'awar motoci suka fusata suna cewa yaudara ce, ko da yake dabarar Lelouch ce ta shigo cikin mota. Darajar sauti ta kai har kamfanin babur na Harley-Davidson ya nemi a yi masa rajistar ƙugin injinsa a matsayin tambarin kasuwanci a 1994. Abokan hamayya suka ƙalubalance shi, ya janye a 2000.

## Mutum na uku

Kakaki a ƙasar Hausa ba kowa ake busa wa ba, kuma aikinsa shi ne ya sanar da isowar mai sarauta tun kafin a gan shi. Salansar da aka buɗe tana yin irin wannan aiki ga wanda ya naɗa kansa. Bambancin shi ne kakaki yana da lokaci da wuri, ita kuwa ba ta san ƙarfe biyun dare ba.

Ilimin likitanci ya daina ɗaukar ƙarar titi a matsayin abin haushi kawai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel 53, da dare kuma 45. Rahoton hukumar muhalli ta Turai na 2020 ya ƙiyasta cewa daɗewa cikin hayaniyar muhalli, wadda mafi yawanta ta titi ce, tana jawo mutuwar mutum 12,000 kafin lokaci da sababbin masu ciwon jijiyoyin zuciya 48,000 kowace shekara a nahiyar. Hanyar cutar ita ce katsewar barci da tashin sinadaran fargaba a jiki, ko da mai barcin bai farka sarai ba. Mota ɗaya da ta keta gari da dare tana iya taɓa barcin dubban mutane.

Birane sun fara mayar da martani da na'ura. Unguwar Kensington da Chelsea ta Landan, inda masu motocin ƙasaita ke taruwa da bazara, ta kafa kyamarori masu kunne a 2020, waɗanda ke ɗaukar lambar motar da ta wuce iyaka. Faransa ta fara gwajin irinsu a 2022 a Paris da wasu garuruwa. Jihar New York ta sa hannu a 2021 kan dokar da ta ɗaga tarar gyaran salansa ba bisa ƙa'ida ba zuwa dala 1,000. Kamfanoni ma sun ji a jikinsu. Ford ta saka wa Mustang ta 2018 tsarin tayar da inji a hankali da safe, bayan maƙwabtan wani babban injiniyanta sun kira masa 'yan sanda.

Nijeriya tana da ƙa'idojin hana hayaniya na hukumar NESREA tun 2009, sai dai matsalarmu ta fi ƙara zurfi. Sau da yawa gyaran da ake yi a nan yana farawa ne da fasa indomi, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci kuma don ƙarafa masu darajar da ke cikinta. Sakamakonsa amo mai kaushi, fitilar gargaɗin inji da ba ta mutuwa, da hayaƙi mai guba da ke shiga hancin mai talla da ɗan makarantar da ke tsaye a bakin hanya. Wanda ya yi haka ya jefar da aikin injiniya na shekaru hamsin don ya sami ƙarar da ko Abarth ba zai sa wa tambarinsa ba.

## Da injin ya tafi

Motar lantarki ba ta da silinda, ba ta da hayaƙi, ba ta da salansa. Shirunta ya yi yawa har ya zama haɗari ga masu tafiya a ƙasa, musamman makafi, waɗanda ƙungiyoyinsu suka matsa lamba a Amurka aka yi doka a 2010. A Tarayyar Turai, tun Yulin 2021 dole kowace sabuwar motar lantarki ta fitar da sautin gargaɗi idan tana tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 a awa ba ko tana ja da baya. Hukumomin da suka shafe rabin ƙarni suna rage ƙara su ne yanzu ke umartar a ƙara ta.

Kamfanoni suka rabu gida biyu kamar yadda suka rabu tun farko. BMW ta ɗauko Hans Zimmer, mai tsara kiɗan finafinai, ya shirya wa motocinta na lantarki sauti. Dodge ta nuna samfurin Charger mai lantarki a 2022 da wani akwatin lasifika a wutsiya, ta yi alfahari cewa yana kaiwa desibel 126. Rolls-Royce kuwa ta koma inda ta fara, ta fitar da motarta ta lantarki ta farko a 2023 da wani sunan fatalwa, Spectre. Amma ko ita ta koyi wani abu a hanya. Lokacin da injiniyoyinta ke aikin Ghost ta 2020, sun cusa mata abin hana sauti fiye da kilo 100, sai suka tarar cikin motar ya yi tsit har yana rikita fasinja. Dole suka daidaita sassan motar su riƙa ba da wani amo guda mai taushi, kamar raɗa.

Wanda ke tunanin sauya salansar motarsa a yau yana da abin da mutanen Brooklands ba su da shi. Zai iya barin matata a wurinta, ya zaɓi tukunyar da aka auna don irin injinsa, ya sa bawul da zai rufe idan ya shigo unguwa ya buɗe idan ya hau hanyar da ba kowa. Fasahar ta riga ta raba daɗin da direba ke ji da azabar da maƙwabci ke sha, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin wanda ya iya sayen motar ba. Abin da ya rage shi ne ya tambayi kansa ko kunnensa yake son ya ji motar, ko kuwa kunnen mutanen da ke barci a bayan katanga.